Canjin ruwan jini ga mai ciwon SEP: hanyar da muka bi daga Damagaram, rana bayan rana

Ni ma'aikacin jinya ne a Damagaram, mara lafiyar kuma ƙanwata ce, tana da shekara 28 a lokacin. Daga ranar da ƙafafunta suka fara mutuwa zuwa ranar da aka haɗa ta da injin canjin ruwan jini, kwana 27 muka ɗauka. Da mun san abin da ke gaba da abin da ke baya, da rabin waɗannan kwanaki sun ishe mu, kuma wannan magani ya fi aiki ne idan an fara shi da wuri. Shi ya sa zan bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, in nuna inda lokaci ya zube.

Ciwon shi ne wanda likitocinmu ke rubutawa SEP a takarda, gajarcen sunansa na Faransanci, a Najeriya kuma suna rubuta MS. Wani likitan Faransa, Charcot, ya yi cikakken bayaninsa a Paris a 1868. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin saƙo, wadda ake kira miyelin, a cikin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani. Ba jijiyoyin jini ake nufi ba, kuma wannan ya rikita danginmu da yawa, domin kalma ɗaya muke kiran su da ita. Ciwon yakan taso ne ya lafa. Likita yana lissafa cewa ya taso idan sabuwar alama ta wuce awa 24 ba tare da masassara ko wata cutar ƙwayoyi ba. Shekara biyu kafin wannan, idonta na hagu ya yi dishi-dishi, yana ciwo in ta juya shi, sannan ya washe da kansa cikin ƴan makonni. Babu wanda ya rubuta wannan a ko'ina, alhali shi ne tasowar farko.

Rana ta farko ta ce tafin ƙafafunta sun yi kamar ta daɗe a zaune a kansu. Rana ta uku abin ya hau zuwa cinya, kuma ta ce tana jin kamar an ɗaure mata ƙirji da ɗankwali an tamke. Rana ta huɗu sai an riƙe ta take tafiya, muka kai ta asibiti. An yi abin da ya kamata a fara yi a ƙasarmu: gwajin zazzaɓin cizon sauro, sukari, fitsari, ƙanjamau, da hoton ƙashin baya domin neman tarin fuka na ƙashi, wanda shi ne abin da likita zai fara tunani a nan idan matashi ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa. Kada ku ga kamar ɓata kuɗi ne. Tarin fuka na ƙashi, tsargiya da ta shiga laka, tunjere, da ƙarancin bitamin B12 duk suna iya kama da wannan ciwo, kuma idan aka ba mai tarin fuka maganin da ake ba mai SEP ba tare da an gano ba, an ƙara masa wuta. Rana ta biyar fitsari ya tsaya, mara ta kumbura, aka sa mata roba. Wannan alama ce ta cewa laka ce ta taɓu, kuma daga wannan rana ya kamata mu kama hanya. Maimakon haka muka biya kuɗin sikana ta kai, wato hoton cikin kai na injin CT, a rana ta shida, sakamako ya fito babu komai, gida aka yi hamdala. Sikana ba ta cika nuna tabon wannan ciwo ba, kuma ba a kai matsalar take ba, a baya take. Sakamakon mai kyau ya sa muka ƙara kwana guda muna jiran sauƙi. A gida an kira malami yana yi mata addu'a, ban hana ba, abin da na ce wa Inna kawai shi ne a yi addu'ar a cikin mota ma.

Rana ta takwas muka tashi zuwa Yamai da takardar turawa zuwa ga likitan jijiyoyi. Tafiyar kusan kilomita 900 ce, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutse da Dosso. Wanda ba ya jin ƙafafunsa ba ya jin zafin zama, saboda haka fata tana iya salewa a ɗuwawu cikin yini ɗaya. Mun ɗauki ƙaramar mota muka kwantar da kujera, duk awa biyu a tsaya a juya ta, jakar fitsari kuma a ajiye ta ƙasa da mara kullum domin kada ya koma ciki. Rana ta tara likita ya duba ta. Tambayar da ta buɗe komai ita ce ko ta taɓa samun matsalar ido. Ta ce masa a'a, sai da na tuna mata da dishin nan na shekara biyu. Ya rubuta IRM, wato hoton cikin jiki da injin maganaɗisu ke ɗauka, na kai da na laka baki ɗaya, tare da allurar gadoliniyom da ke haska tabon da ke ci yanzu. Ba a yin wannan allura sai an ga gwajin ƙoda, wato kireyatinin, kuma mu ba mu zo da shi ba, sai aka ɗaga mu zuwa washegari. Ku yi shi tun a gida ku taho da takardarsa. A cire ɗan kunne, fil na kallabi da duk wani ƙarfe, a kuma shirya kwanciya ba motsi ta kusan awa guda cikin ƙara mai yawa. Ku roƙi faifan hotunan, ba rahoton da aka buga kaɗai ba, domin duk likitan da za ku gani gaba hotunan zai nema.

Hoton ya nuna tabo da dama a kewayen kogunan ruwan ƙwaƙwalwa, da wani gajere a lakar tsakiyar baya wanda ya ɗauki hasken allura. Rana ta 11 aka ɗebi ruwan baya, aka kuma ɗebi jini domin gwaji biyu da ake aikawa waje, AQP4 da MOG. A nan likitan ya yi mana abin da har yau nake gode masa. Akwai ciwon da ke kama da SEP sosai, NMO, wanda ke cin jijiyar gani da laka, kuma a cikin baƙar fata kasonsa ya fi yadda yake a cikin Turawa. A 2004 ne aka gano makamin garkuwar da ke bambanta shi, wani sinadari da garkuwar jiki ke sakewa cikin jini, kuma shi gwajin AQP4 yake nema. Canjin ruwan jini yana kwashe wannan makami daga jini, don haka idan aka ɗebi jinin gwaji bayan an fara canjin, sakamako yana iya cewa babu alhali akwai. Kuskuren yana da tsada, domin wasu magungunan SEP, irin su intaferon, suna iya tsananta NMO. Duk wanda ake shirin yi wa canjin ruwan jini, a tabbata an ɗebi wannan jini da ruwan baya tukuna, ko da sakamakon zai ɗauki makonni.

A ranar aka fara metilpiredinizolon, maganin kwantar da kumburi mai ƙarfi, giram 1 a cikin ƙarin ruwa kowace safiya har kwana biyar. Kafin a fara an ba ta maganin tsutsar ciki, an duba ƙirji da fitsari, sannan kullum ana auna sukari da tansiyo, wato awon hawan jini. Ta yi fama da ɗacin ƙarfe a baki, rashin barci da jan fuska, waɗanda duk sananne ne. Yawancin masu wannan ciwo a nan suke samun sauƙi, ba sa buƙatar komai bayansa. Ita rana ta 15 ta zo ba ta iya ɗaga ko ɗaya daga ƙafafun daga katifa. Aka ce a jira mako guda, domin maganin yakan ci gaba da aiki bayan an gama shi, kuma gaskiya ne. Kuskurenmu shi ne mun zauna muna jira kawai. Ranar 21 da likita ya ce babu canji, sai a yi canjin ruwan jini, a lokacin ne muka fara tambayar ina ake yi, nawa ne, ina fasfo. Duk waɗannan ana iya yin su a cikin makon jiran, in sauƙi ya samu ba a yi asarar komai ba.

Da na koma na gaya mata, sai ta ce, «Yaya, wankin jini irin na masu ciwon ƙoda? Ke nan har abada?» Haka kowa ya ɗauka, kuma ba haka ba ne. Wankin ƙoda yana tace ƙananan datti irin su yuriya, kuma ana yin sa duk mako. Wannan kuwa ana raba jini gida biyu ne: ƙwayoyin jini a mayar wa mutum abinsa, ruwan da suke iyo a cikinsa, wato filasma, a zubar da shi a maye gurbinsa da wani. A cikin wannan ruwa makaman garkuwa da sauran sinadaran kumburi suke yawo. Zama biyar zuwa bakwai ne cikin kwana 10 zuwa 14, shi ke nan. Hujjar da likitoci ke dogara da ita ta fito ne daga asibitin Mayo a Amurka a 1999, inda Weinshenker da abokan aikinsa suka gwada mutum 22 masu SEP da ire-irensa, waɗanda ciwonsu ya taso da ƙarfi kuma allurar nan ta kwana biyar ba ta yi musu aiki ba. Kusan 42 cikin 100 sun samu sauƙi mai ma'ana da canji na gaske, kusan 6 cikin 100 kawai da na kwaikwayo. A 2011 ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Amurka ta amince da shi a matsayin mataki na biyu ga irin wannan tasowa, ta kuma ce ba ya amfani ga wanda ciwonsa ke ci a hankali shekara da shekaru ba tare da tasowa ba. Wannan magana ta biyu tana da muhimmanci gare mu, domin na ga iyalai suna shirin sayar da gona saboda ɗan'uwan da ya shekara shida a keke. Ba nasa ba ne. Na faɗa wa ƙanwata adadin kamar yadda yake, cewa ba kowa yake tashi ba, domin ita ce za ta sa hannu.

Likitanmu ya haɗa mu da wani asibiti a Tunis. Kwana biyar suka tafi a kan fasfo, takardar ƙiyasin kuɗi da haɗa kuɗin. Akwai hanyar neman gwamnati ta ɗauki nauyin fitar da mara lafiya, da nata dosiye da zaman kwamiti, amma mu dangi ne suka haɗa, domin kwanakin suna tafiya. Abin da asibitin ya nema ta waya shi ne rahoton likita da Faransanci mai ɗauke da ranar da alamu suka fara da ranakun allurar, hotunan IRM, nauyinta, gwajin jini na baya-bayan nan, da jerin magungunan da take sha. Kamfanin jirgi yana da tasa takardar da likita ke cikewa ga wanda ba ya tafiya da ƙafarsa, kuma sai an nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti. Takardar ƙiyasin farko da aka aiko mana ta rubuta kuɗin zama biyar, muka tara daidai wannan. Da muka isa muka tarar albumin, ruwan da ake maye gurbin filasma da shi, ba ya ciki, alhali shi ne ya fi komai cin kuɗi. Ku sa a rubuta muku kowane abu da layinsa: kayan injin da ake jefarwa bayan kowane zama, adadin kwalaben albumin, katetar (robar da ake sawa a jijiya domin haɗa mutum da injin) da kuɗin sa ta, gwajin jini kafin kowane zama, kwanan ɗaki, da abin da zai ƙaru in an kai zama bakwai. Mun tashi daga filin jirgin Diori Hamani a rana ta 26.

Da safen rana ta 27 aka ɗebi jini: ƙidayar ƙwayoyin jini, ƙarfin daskarewa, fibirinojen (sinadarin da ke daskarar da jini), kalsiyom, potasiyom, rukunin jini, ciwon hanta B da C da ƙanjamau. Aka tambaye mu ko tana shan maganin hawan jini irin kaptopiril ko enalapiril. Ba ta sha, amma mai sha dole ya dakata awa 24 zuwa 48 kafin zama, in ba haka ba fuska ta yi ja, tansiyo ya faɗi warwas a tsakiyar aiki. Sannan likita ya lissafa ruwan jininta a gabanmu. Ana ninka nauyi da 0,065, a sake ninkawa da abin da ya rage in an cire kason jajayen ƙwayoyi. Nauyinta kilo 58, kason jajayen ƙwayoyinta 36 cikin 100, sai ya fito lita 2,4. Akan canza daidai wannan adadi ko ɗaya da rabinsa. Canza adadi ɗaya yana kwashe kusan 63 cikin 100 na abin da ke yawo a jini, ɗaya da rabi kusan 78, daga nan ƙarin ba ya biyan wahalarsa, domin injin ya fara zubar da albumin ɗin da aka zuba yanzu. An tsayar mata da lita 3, wato kwalba shida ta albumin mai ƙarfin 5 cikin 100, kowace rabin lita. Zama biyar kwalba 30 ke nan, kuma da wannan lissafi kowa zai iya duba takardar ƙiyasinsa tun daga gida.

Injin iri biyu ne. Akwai mai juya jini da gudu har ya rabu, wanda yakan wadatu da manyan jijiyoyin hannu in suna da kyau. Akwai mai tacewa ta cikin matata, wanda ke son jini mai gudu sosai, don haka sai da katetar a babbar jijiya. Nata mai juyawa ne, amma makonni uku na allurai sun gama da jijiyoyin hannunta, sai aka sa mata katetar mai baki biyu a jijiyar wuya ta dama. An kashe wurin da allura, ana kallon jijiyar da na'urar eko mai nuna cikin jiki, aikin bai wuce minti 30 ba, sannan aka ɗauki hoton ƙirji a tabbatar da inda bakinta ya tsaya da cewa ba a taɓa huhu ba. Mafi yawan haɗarin wannan magani a katetar yake, ba a injin ba: ƙwayoyin cuta, toshewar jijiya da zubar jini. Ba a jiƙa ta, ba a ba da wani magani ta cikinta, ba mai buɗe ta sai ma'aikatan injin. Wanka ya koma shafa da tsumma daga ƙirji zuwa ƙasa, hijabi kuma sai mai sakin wuya wanda ba ya gogar filastar. Masassara ko rawar sanyi ga mai katetar a wuya abin faɗa wa likita ne nan take, ko da tsakar dare.

Zaman farko ya ɗauki awa biyu da rabi. Jini yana fita ta baki ɗaya, ya shiga injin, ya dawo ta ɗayan haɗe da albumin, a gefe kuma wata babbar jaka tana cika da ruwa rawaya kamar man gyaɗa, sai dai bai kai shi kauri ba. Ganin jakar nan yana tayar da hankali, don haka gara a gaya wa mara lafiya tun kafin ya gani cewa ba jininsa ake zubarwa ba. Bayan kamar minti 40 ta ce, «Yaya, leɓena yana min kamar tururuwa.» Wannan sitirat ne, maganin da ke hana jini daskarewa a cikin injin, wanda ke kama kalsiyom na jiki. Alamar tana farawa a leɓe da ƴan yatsu, in an yi shiru ta koma ɗaurewar tsoka, har ta iya taɓa bugun zuciya. Ma'aikaciyar ta rage gudun injin ta ƙara kalsiyom a ruwa, cikin minti kaɗan ya wuce. Matsalar mai SEP ita ce dama jikinsa yana yin irin wannan tururuwa, sai ya ɗauka ciwonsa ne ya yi shiru. A ce masa duk sabon abin da ya ji ya faɗa. Sanyi ma ya dame ta, domin ruwan da ke shiga bai kai ɗumin jiki ba, sai da bargo biyu. A zama na biyu tansiyo ya sauka, ta yi gumi da jiri, aka kwantar da kai aka ɗaga ƙafafu aka ƙara ruwan gishiri. Ba ta karya kumallo ba ranar saboda tashin zuciya, kuma wannan ya taimaka wajen faɗuwar. A ci abinci mara nauyi a sha ruwa kafin zama, ba a yin sa da azumi, magungunan yini kuma a sha su bayan an gama, domin injin yana iya kwashe wani kasonsu.

Ana tsallake rana tsakanin zama da zama saboda dalili biyu. Fiye da rabin makaman garkuwa nau'in IgG ba a cikin jijiyoyin jini suke ba, suna cikin naman jiki, kuma suna buƙatar awa 24 zuwa 48 su gangaro cikin jini kafin injin ya same su. Na biyu, albumin ba ya ɗauke da sinadaran daskarar da jini, don haka kowane zama yana kwashe fiye da rabin fibirinojen, sai hanta ta sake ƙera shi. Safiyar da za a yi zama na huɗu nata ya sauka ƙasa da giram 1 a lita, bakin katetar yana tsattsafo, aka ɗaga zuwa washegari. Wata hanyar ita ce a sa filasmar masu ba da jini a ƙarshen zaman a madadin wani kaso na albumin, amma ita tana zuwa da haɗarin ƙaiƙayi, borin jini da ƙarancin numfashi, shi ya sa likitan ya zaɓi jira. Zamanta sun faɗo a ranakun 27, 29, 31, 34 da 36. A tsawon kwanakin nan ba a yin allurar tsoka, ba a shan asfirin ko diklofenak, buroshin haƙori ma sai mai laushi.

Bayan zama biyu babu abin da ya motsa, kuma waɗannan su ne kwanakin da suka fi mana nauyi, ga kuɗi na tafiya ga waya daga gida ana tambaya. Likitan ya riga ya gaya mana cewa masu samun sauƙi sukan fara gani ne wajen zama na uku, wasu kuma sai bayan an gama da makonni. Daren zama na uku babban yatsan ƙafarta ta dama ya motsa da nufinta. Na sa ta maimaita sau biyar ina kallo, domin ƙafar da ta shanye takan zabura da kanta, kuma wannan ba sauƙi ba ne. Bayan na huɗu ta ja diddige a kan katifa, bayan na biyar ta tsaya da ƙarfen dogarawa mutum biyu na riƙe da ita. Mai gashin ƙashi, kine kamar yadda muke cewa, yana zuwa kullum tun daga ranar farko, har a ranakun da ƙafar ba ta motsi, domin gaɓoɓi kada su sandare. An cire katetar a rana ta 37, bayan an ga gwajin daskarewa ya daidaita. Ana cire ta mutum na kwance ba matashin kai, ya riƙe numfashi, a danne wurin aƙalla minti 10, a rufe da filastar da iska ba ta shiga, domin iska tana iya shiga babbar jijiya ta ramin. Robar fitsari ta fita bayan mako guda. A cikin kwanakin ne sakamakon Yamai ya iso: AQP4 da MOG babu, ruwan baya kuma ya nuna alamun da ke ƙarfafa cewa SEP ne.

Canjin ruwan jini ba ya hana ciwon sake tasowa, tasowar da ake ciki kawai yake kashewa. Maganin kariya na dogon lokaci daban yake, kuma in irin wanda ake ƙarawa ta jijiya ne kamar rituksimab, sai bayan zama na ƙarshe ake ba da shi, in ba haka ba injin ya zubar da shi a jaka tare da kuɗinsa. Makonnin farko garkuwar jiki tana ƙasa, don haka gidan sauro, ruwa mai tsabta, da rage cunkoson masu dubiya, wanda a Damagaram sai an yi da lallashi. Allurar rigakafi mai rai, irin ta shawara, ba a yin ta a wannan lokaci sai da izinin likitan jijiyoyi, don haka mai shirin fita waje ya duba katinsa tun da wuri. Gwajin da ke neman makaman garkuwa a jini, kamar na ciwon hanta, yana iya ruɗarwa na ƴan makonni, a gaya wa duk likitan da ya rubuta shi cewa an yi canji da ranar ƙarshe.

Da za a mayar da ni rana ta biyar, ranar da fitsari ya tsaya, da washegari muna kan hanyar Yamai da takardar kireyatinin a hannu, ba tare da sikanar kai ba. Da ranar da aka fara allurar kwana biyar zan tambayi likita, in wannan bai yi ba mene ne na gaba kuma a ina, in fara neman fasfo da ƙiyasi a ranar. Ga wanda ake zargin NMO ne gaggawar ta fi haka, domin binciken da aka yi a tsibirin Martinik na yankin Karibiyan ya nuna waɗanda aka fara wa canjin cikin kwana biyar na farko sun fi warkewa sarai nesa ba kusa ba.

Mun dawo gida ana shiga bazara. A makon farko na zafin Afrilu ƙafarta ta hagu ta yi nauyi da rana tsaka, ido ya yi dishi, gida ya rikice ana cewa ciwon ya dawo. Ba tasowa ba ce. Jijiyar da ta taɓa rasa rigarta tana kasa kai saƙo idan jiki ya yi zafi, kuma tana dawowa da zarar ya huce. Muka sa ta a inuwa, tsumma mai sanyi a wuya, ruwan randa, kafin la'asar ta koma yadda take. Ƙa'idar da likita ya ba mu ita ce a fara auna masassara, a gwada zazzaɓin cizon sauro da fitsari, in duk babu kuma alamar ta wuce awa 24, a kira shi a ranar. Yanzu tana tafiya ba sanda a cikin gida, ƙafar hagu tana ɗan ja in ta gaji, fitsari kuma yana matsa mata da gaggawa. Atisayenta ya koma bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Faifan IRM, rahoton zama biyar da adadin litar kowanne, da sakamakon AQP4 suna cikin jaka ɗaya a ɗakin Inna, kuma da ita za mu koma Yamai hoton wata shida.